Rediyon satalayit a tsibiri: abin da ƙaninka zai saya da wanda zai bari

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa ka yi haƙuri, tun shekaranjiya na ga tambayarka amma ban samu zama ba sai yanzu da aka ɗauke wuta shago ya yi tsit. Ka ce ƙaninka ya samu aikin gini a tsibirin Principe can ƙasar Sao Tome, shekara biyu zai yi, kuma shi mutum ne da in bai ji labaran dare da Hausa ba barci ba ya zuwa masa, shi ne ka ga wata 'yar na'ura a intanet mai suna SiriusXM an ce rediyon satalayit ce, kana so ka yi masa oda tunda ka ji ana cewa satalayit ko a tsakiyar teku yana kamawa. Allah ya saka da zumunci, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.

Amma don Allah kar ka saya. Ko kyauta aka ba ka kar ka biya kuɗin kawowa. Wannan na'urar ta Amurka da Kanada ce kawai, taurarinsu a saman wancan ɓangaren na duniya suke kuma can suka karkatar da siginarsu, ga shi sai ka biya kuɗin wata kafin ta buɗe. A nan Kano ma in ka kunna ta ba za ta ce maka uffan ba balle Principe. Kai bari ma in gaya maka, tsibiran Hawai jiha ce guda a cikin Amurka, amma kamfanin da kansa in yana lissafa inda siginar tauraronsa take sauka jihohi 48 na kan tudu yake ambata, mutanen Hawai ta intanet ake ce musu su saurara. Toh in tsibirin da ke cikin ƙasarsu haka ne, ina ga wanda ke can ƙasan Fatakwal. Kuma ko da ta kama babu Hausa a cikinta.

Inda mutane suke ruɗewa, kuma shekara sama da ashirin ina haɗa dish a garin nan kullum sai na yi wannan bayanin, shi ne sun ɗauka tauraron ɗan'adam kamar rana yake, in dai kana ƙarƙashin sama to kana da rabo. Ba haka ba ne, tocila ce. Taurarin da muke kama talabijin da rediyo da su a jere suke a saman layin da ya raba duniya biyu, kilomita 35,786 daga ƙasa, suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa in ka ɗaure dish sau ɗaya ba ka sake taɓa shi, sai ka ce tauraron a tsaye yake. Daga wannan nisan yana hango kusan kashi ɗaya cikin uku na duniya, amma hange daban haskawa daban. Wutarsa daga sola take kuma ba ta da yawa, kaga kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi ya harba shi ba zai watsa wannan 'yar wutar a kan ruwa ba, tattara ta zai yi ya haska Legas, Kano, Accra, Kinshasa, inda jama'a suke masu biyan kuɗin wata. Ka ɗauki tocila da daddare ka haska tsakar gida, tsakiya fes, gefe dishi-dishi, bayan rijiya duhu. Tsibiri mai nisa yawanci a wannan dishi-dishin yake ko a duhun gaba ɗaya, abin da ya zubo daga hasken wasu shi yake samu.

Kai kanka ka san wannan ba ka dai lura ba ne. Nilesat ɗin nan da kusan kowane gida a Kano yake kamawa a digiri 7 yamma, mu nan da matsakaicin faranti muke samunsa, amma ka tambayi 'yan'uwanmu masu sana'ar a Legas ko Fatakwal, sai sun nemo ƙaton faranti kuma duk da haka wasu tashoshin suna zuwa suna tafiya, saboda ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka aka haska wa, mu gefen hasken muke ci, su kuma sun fi mu nisa. Principe ta fi Fatakwal gangarawa kudu da kusan kilomita 350, don haka ƙaninka kar ya sa rai da Nilesat.

Kowane tauraro yana da taswirar da kamfaninsa ya fitar, za ka ga layuka zagaye-zagaye kamar an yanka albasa, kowane layi da lambarsa, 50, 48, 44, 40, ƙarfin siginar kenan a wurin. Abin da za ka riƙe shi ne duk lokacin da lambar ta ragu da 6 sai ka ninka faɗin farantin biyu kafin ka samu abin da na tsakiya yake samu. In mai lamba 48 yana kallo da santimita 60, mai 42 sai ya nemi mita 1.2, mai 36 kuwa maganar mita 2.4 ake. Kafin a sayi ko noti ɗaya a buɗe taswirar a nemo ɗigon tsibirin a ga layin da ya faɗa. Sa'ar da ƙaninka ya yi ita ce Principe ba ta yi nisa da gaɓa can ba, tana cikin lungun nan tsakanin Najeriya da Kamaru da Gabon, to taurarin da suka haska yammaci da tsakiyar Afirka, irin na digiri 36 gabas da DStv take kai ko SES-5 na digiri 5 gabas da StarTimes take kai, haskensu yana ratsa wurin. Da tsibirin Tristan da Cunha aka tura shi da maganar ta canza, wannan can kudancin Atlantika yake, mutanensa ba su kai 300 ba, babu filin jirgin sama, sai an yi kusan kwana shida a jirgin ruwa daga Cape Town.

Abin da kake hasashe a ranka, wato rediyo ta hannu da za ka ajiye ta kama tauraro kai tsaye ba tare da faranti ba, an taɓa yin ta kuma domin mu aka yi ta, duk wanda ya daɗe a harkar nan zai tuna WorldSpace. Wani lauya haifaffen Habasha mai suna Noah Samara ne ya kafa kamfanin a 1990, suka harba AfriStar a watan Oktoba 1998 aka ajiye shi a digiri 21 gabas, sannan AsiaStar a 2000. Hitachi da Sanyo da JVC da Panasonic suka ƙera akwatunan. Na riƙe ta Hitachi, eriyarta wani ɗan faifai ne kamar murfin kwanon sha, kana ɓalle shi daga jikin rediyon ka ja wayarsa ka ɗora a kan katanga ya kalli sama ya ɗan karkata kudu maso gabas, shi kenan. Ranar da na fara kunna ta a ƙofar shago mutane suka taru, murya tangaram kamar mai maganar yana zaune a benci tare da mu, babu shuuu ɗin nan, amma in yaro ya zo ya leƙa kansa a kan faifan sai ta ɗauke ɗif, ya matsa ta dawo. Sirrinta zangon da take aiki a kai ne, megahaz 1,467 zuwa 1,492, ruwan sama bai dame shi ba kuma ba ya buƙatar saiti mai tsanani, ga hasken AfriStar guda uku manya da suka rufe nahiyar har suka zuba cikin teku, shi ya sa masu jiragen ruwa da mutanen tsibirai suka more ta. Sai dai akwatin ya yi wa talaka tsada, wanda aka yi abin dominsa yana da 'yar rediyonsa mai batir biyu, abin da ke shigowa bai rufe abin da ke fita ba, a Oktoba 2008 kamfanin ya shigar da takardar karyewa a kotun Amurka, ba a daɗe ba shirye-shiryen suka tsaya. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi don abu ne da ya dace da mu, kuma ba a samu wanda ya maye gurbinsa a Afirka ba. In ka ga tsohon akwatinta a wajen 'yan gwangwan ko wani ya ce zai sayar maka, FM da gajeren zangon jikinta kawai za ka mora.

Yau in an ce rediyo ta satalayit a wajenmu dish ne da risiba, irin dai na gidanka. Ɗauki rimot ɗin risibarka, Strong ce ko wacce iri, akwai maɓallin da ke sauyawa daga talabijin zuwa rediyo, danna shi za ka ga wani jeri daban da yawancin mutane ba su taɓa buɗewa ba, tashoshi ne na murya zalla, na Alƙur'ani, na labarai, na ƙasashe, suna tafe a mita ɗaya da tashoshin hoto. Ta haka ma manyan gidajen rediyo na waje suke aiko shirinsu ga tashoshin FM, in ka ji wata tasha a Kano ta sada ka da BBC ko DW ko RFI sau da yawa wani faranti ne a bayan gidan rediyon ya sauko da shi. Haka tsibirai masu nisa suke yi, ba kowane gida ke da nasa ba, ƙaton faranti guda ake kafawa a sauko da shirin a zuba shi a ƙaramar tashar FM kowa ya kama da 'yar rediyonsa, mutanen Saint Helena a FM suke jin BBC, na Tristan ma ta tauraro rediyon sojojin Ingila yake iso musu. Ba zan rubuto maka lambobin mita ba don gidajen nan ƙaura suke yi daga wannan tauraro zuwa wancan, lambar da na ba ka yau bayan wata uku ta zama tsohon zance, abin yi shi ne in an kama tauraron a sa risiba ta yi bilain sikan ta kwaso duk abin da ke kai, a shiga jerin rediyon a bi ɗaya bayan ɗaya a daidai lokacin da aka san ana shirin Hausa.

Sai ruwan sama, wanda shi zai fi ba shi wahala. Zango biyu muke aiki da su, Ku shi ne na ƙananan farantan nan da suka cika rufin gidaje, gigahaz 10.7 zuwa 12.75, sai C na manyan farantai irin na raga da ake gani a tsofaffin gidajen Nasarawa da Bompai, wajen 3.7 zuwa 4.2. Ɗigon ruwa shanye siginar Ku yake, ka san yadda ake yi a watan Agusta, hadari ya haɗo daga gabas tun kafin ruwa ya sauka hoto ya fara kakkaryewa. Mu nan damina wata huɗu ce, ruwan shekara da kyar yake kai milimita 1,000, su kuwa tsibiran nan akwai ɓangarorin da ake zuba sama da 4,000, ɗan ranin da suke samu wajen Yuni zuwa Satumba ne. Zangon C ruwa bai cika damunsa ba kuma yawanci haskensa faɗi ne da shi har cikin teku, shi ya sa tsibirai suka fi dogara da shi. Matsalarsa girma, ƙasa da mita 1.8 ɓata lokaci ne, 2.4 ya fi kwanciyar hankali, kuma ɗaukar wannan daga Kano zuwa Legas zuwa Sao Tome a sake shiga ƙaramin jirgi zuwa Principe ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya je neman na kansa. A ganina in kamfanin yana da sansanin ma'aikata su haɗu su nemi a kafa musu guda ɗaya. In shi kaɗai ne ya tsaya a Ku amma ya ƙara girma, inda taswira ta ce santimita 60 ya sa 90, inda ta ce 90 ya sa mita 1.2, wannan rarar ita za ta riƙe shi in ana yayyafi. In aka tsuge kamar da bakin ƙwarya kuwa sai haƙuri, zai ɗauke, in ya tsagaita ya dawo. Kuma in C aka sa a tuna lambar LNB (ɗan bututun nan da ke gaban faranti mai karɓar sigina) a cikin risiba 5150 ce ba 9750 da 10600 da aka saba ba, wasu taurarin ma siginarsu a murɗe take sai an zura ɗan allon nan a maƙogwaron LNB ɗin. Na ga yaro ya kwana biyu a rana yana juya faranti yana haɗa gumi alhali wannan 'yar lambar ce bai canza ba.

Akwai wani abu kuma da zai ruɗa duk mai haɗawar da ya saba da arewa. Mu Kano muna digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, shi ya sa farantanmu duk suna ɗan kallon kudu. Principe ba ta kai digiri 2 ba, kusan a ƙarƙashin jerin taurarin take, to can tauraro ko yana gabas sak, ko yamma sak, ko a tsakar ka. SES-5 kusan a saman kansa zai same shi, farantin zai kwanta kamar tiren da aka shanya kuɓewa a kai, wasu ƙafafun ma ba sa ɗagawa har can sai an yi musu dabara, in kuma irin mai LNB a tsakiya ne ruwa zai taru a ciki dole a huda 'yar kafa a inda ya fi zurfi. Na digiri 36 zai same shi a gabas ya ɗaga wajen digiri 56, tauraron Intelsat 20 na digiri 68.5 kuwa ƙasa-ƙasa yake wajen digiri 20, tsibirin kuma duwatsu ne da daji mai duhu, bishiya ɗaya mai jiƙaƙƙen ganye ta isa ta tare shi. LNB ɗin ma da muke karkatawa a nan, can kwantar da shi za a yi gaba ɗaya wayar ta fito ta gefe kamar ƙarfe uku ko tara a agogo. Sannan wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba akwai 'yan kwanakin da rana take bi ta bayan tauraron sigina ta ɗauke na 'yan mintoci sama tas babu ko gajimare, kar ya hau ya taɓa farantin, da kanta za ta dawo.

Gishiri kuwa da idona na gani. Shekarun baya wani kamfani ya ɗauke mu muka je tsibirin Bonny a jihar Ribas muka kafa farantai a gidajen ma'aikata, na yi aikin yadda nake yi a Kano, noti da kusoshin baƙin ƙarfe, kwanekta na murɗawa, na naɗe da baƙin tef na wuta, aikin da a Gwale ko Hotoro sai ya shekara goma ba a kira ka ba. Wata biyar aka kira mu. Notin ya haɗe da kusa sun zama abu ɗaya ja jawur, sifana na kama shi ya marmashe, kwanektan da na kwance ya yi kore kamar gansakuka ɗan jan ƙarfen tsakiya ya cinye, da na yanke kebul ɗin a cikin ɗaki mita goma sha daga farantin sai ga ruwa yana ɗiga daga cikinsa, ashe ya bi ragar ciki ya gangaro har bayan risiba. Tun daga ranar in aikin bakin teku ne farantin alminiyam ko na faiba nake nema, noti na silba wanda ba ya tsatsa, a shafe kowane zare da giris, kwanekta na matsewa ba na murɗawa ba, a naɗe da tef ɗin robar nan mai haɗewa da kansa, sannan kafin kebul ya shiga ɗaki a lanƙwasa shi ƙasa ya yi ɗan lilo don ruwa ya ɗige a waje. Kebul ɗin ma ya zama jan ƙarfe zalla ne a tsakiya, ka tafi kasuwa da maganaɗisu ka gwada, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Ya tafi da LNB biyu da kwanekta kamar ashirin a aljihun jaka, ba su da nauyi, can kuwa in abu ya lalace sai an jira jirgi.

Wuta ba matsala ba ce sosai. Ƙaramar risiba mai bolt 12 wat 10 zuwa 15 take ci, in an gama saiti da talabijin sau ɗaya sai a bar ta a jerin rediyo a jona wayar nan fara da ja a sifika a kashe talabijin ɗin, sola mai wat 100 da batir ɗaya matsakaici sun ishe shi.

Duk wannan na yi ne don ka san hanyar, amma gaskiya in ƙanina ne abin da zan fara sa masa a jaka ba faranti ba ne, rediyon gajeren zango ce irin wadda iyayenmu suke ajiyewa a gefen tabarma. Ka san daga ina muryar BBC Hausa take fitowa in ka kama ta a mita 16 ko 19 ko 25? Kaso mai yawa daga wani tsibiri ne da ya fi Principe kaɗaici, Ascension, dutse ne a tsakiyar Atlantika kusan kilomita 1,600 daga gaɓar Afirka, tun 1966 BBC ta kafa tashar tura shiri a can. Shirin ya isa wurin, su kuma su harbo shi da manyan eriyoyi ya daki can ƙololuwar sararin sama ya dawo ƙasa a Najeriya da Nijar. Muryar Amurka ma ta yi shekaru tana harbo mana Hausa daga Pinheira a tsibirin Sao Tome, maƙwabcin inda ƙaninka zai zauna, RFI kuma daga Issoudun a Faransa. Shi gajeren zango ba tocila mai tsinin baki ba ne, faɗi yake yi, abin da aka nufo Najeriya da shi daga Ascension ta gefen tsibirinsu zai wuce, wanda aka harbo daga Faransa kuma in ya tsallake mu can ya nufa. Ruwan gishiri yana taimaka masa, babban maƙiyinsa hayaniyar lantarki ce, janareta, caja, ƙwan LED, inbata mai araha, abin da ya sa a Fagge ko Kurna wani lokacin ƙara ta fi magana yawa kenan. A bakin teku da daddare in ya ɗan yi nesa da janaretan sansani wannan hayaniyar babu, zai ji tashoshin da bai taɓa sanin akwai su ba.

Ku sayo mai nuna lamba a gilashi ba mai allura ba, don ya iya adana mita ya dawo kanta ba lalube, Tecsun tana da kyau, in kuɗi bai kai ba Kchibo mai lamba ma za ta yi. Ku haɗa masa da waya mai rufi siririya mita bakwai zuwa goma, ya maƙala baki ɗaya a sandar eriya ɗaya bakin ya jefa kan bishiya ko ya ɗaure a saman taga, wannan 'yar wayar ta fi duk wata bosta da za a tallata muku. In hadari ya taso da tsawa ya cire ta, wannan kar ya yi wasa da shi. Da rana ya nema a sama, mita 16, 19, 22, da dare da asuba ya sauko 25, 31, 41, 49, kuma sau biyu a shekara gidajen suke canza mita, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, in ya wayi gari ya ji shiru ba rediyon ce ta lalace ba. Da batir zai kunna ta ba da wutar inbata ba, in ya gama ya sa ta a roba mai murfi saboda laima. Kuma duk inda ya ji Hausa ya adana, kar ya tsaya a gida ɗaya, ka dai ga yadda a watan Maris 2025 aka wayi gari Muryar Amurka ta yi shiru.

Abin da zai yi wuya ya samu a dish ko gajeren zango shi ne Kano kanta, In da Ranka na Freedom, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, siyasar gari, wanda na san shi zai fi yi masa kewa. FM a miƙe take tafiya kamar gani da ido, 99.5 ɗin nan ta Freedom kafin ka isa Zariya ta fara shashasha, babu eriyar da za ta jawo ta ta tsallaka teku. Wannan sai intanet a waya, kuma murya ba ta cin data kamar bidiyo, matsakaicin sauti wajen MB 29 ne a awa, in zai ji awa biyu kullum bai kai GB 2 a wata ba. Sai dai intanet ɗin tsibiri a kan igiya yake rataye, ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddebuwa mu da muke kan tudu ma bankuna suka tsaya cak, mutanen tsibiran Tonga kuwa da dutse ya yi aman wuta a Janairu 2022 ya tsinke tasu sai da suka yi kusan sati biyar kafin a gyara. Starlink da ya shigo Najeriya a Janairu 2023 taurarinsa ƙasa-ƙasa suke wajen kilomita 550 kuma suna bi ta kan teku kamar yadda suke bi ta kan tudu, amma kowace ƙasa da izininta ga kuɗin wata ga cin wuta, ba abin da lebura ko magini zai ɗora wa kansa ba ne, ya dai tambayi kamfanin wane irin intanet suka tanada a sansanin.

Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, a kan GMT suke, don haka shirin dare da muke ji takwas da rabi shi bakwai da rabi zai kama shi, na safe na shida da rabi kuma biyar da rabi, ya rubuta a takarda ya liƙa a bayan rediyon. In kun sayo ta ku kunna a gida dare biyu ko uku kafin tafiyar ya saba da maɓallanta, ku gwada wayar a bishiyar ƙofar gida, in kuma hanya ta biyo da ku ta Sabon Gari ku zo da ita in liƙa masa ɗan maƙalin a bakin wayar da dalma, aikin minti biyar ne.